Wane baƙin mai da wace filta suka dace da a-kori-kurar da ta sha tafiya?

Tambaya: Malam, na sayi a-kori-kura ta hannu, mitarta na nuna kilomita 280,000, kuma babu wata takarda da ta nuna yadda aka riƙa yi mata juye. Wasu sun ce in zuba mata 20W-50 tunda injin ya tsufa. Wasu sun ce sintetik ya fi, wasu kuma sun ce sintetik zai sa ta yoyo. Wanne zan ɗauka? Filta kuma duk ɗaya ce, ko akwai bambanci?

Amsa: To ɗan'uwa, Allah ya sa a kashe lafiya. Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne cewa lambar da ke jikin mita ita ke zaɓa wa inji mai. Ba ita ba ce. Za ka samu motoci biyu masu inji iri ɗaya, kowacce ta ci kilomita 280,000, amma ɗaya cikinta fes, ɗaya kuwa ringi ya gaji, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya saki. Wadda ta riƙa doguwar tafiya a kan kwalta ana yi mata juye a kan kari ba za ka haɗa ta da wadda ta ƙare rayuwarta tana jan kaya a cikin ƙura ba. Balle ma mitar motar hannu, ba kullum take faɗin gaskiya ba. Abin da ke zaɓar mai shi ne abin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta, sai halin da injin yake ciki yau, sai irin aikin da za ka sa ta. Ba ka faɗi ko fetur take sha ko dizal ba, don haka zan taɓo duka biyun.

Ka fara da gano sunan injin, ba sunan motar kaɗai ba. Hilux, alal misali, akwai mai 2TR-FE na fetur, akwai mai 2KD-FTV ko 1KD-FTV na dizal, akwai ta baya-bayan nan mai 1GD-FTV, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sunan yana jikin ɗan farantin da ke cikin bonet ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Da shi za ka nemo littafin motar. A littafin abubuwa biyu za ka duba: kaurin man, wato irin su 5W-30, da kuma darajarsa, wato haruffan API ko ACEA ko JASO, ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idar ingancin mai. Yawancin mutane kauri kawai suke kallo, alhali kuskure a daraja ya fi saurin yin ɓarna.

Lambobin nan tsarin ƙungiyar SAE ne mai suna J300. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W a 15. Lambar baya ita ce kaurinsa idan ya kai digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a cikin inji. Mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin cSt, mai lamba 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai lamba 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Saboda haka 5W-40 da 15W-40 kaurinsu kusan ɗaya ne idan inji ya ɗau zafi. Bambancinsu da safe ne, lokacin tayarwa, inda 5W ke riga 15W isa saman inji. Masu cewa 5W-40 "ruwa ne" a kwalba suke kallonsa, ba a cikin inji ba.

Yanzu maganar 20W-50. Dalilin masu ba da wannan shawara ba shirme ba ne gaba ɗaya. Tsakanin karanshaf da metal akwai 'yar tazara, a sabon inji wajen milimita 0.02 zuwa 0.06, kuma mai ne ke cike ta, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Idan inji ya ci, tazarar ta buɗe, mai na zurarewa da sauri, matsinsa ya faɗi. Mai kauri yana jinkirin zurarewa, sai matsi ya ɗan ɗaga, ƙara ta ragu. Wannan gaskiya ne a injin da ya ci ɗin. Amma idan naka bai ci ba, ka sayo wa kanka matsala ne kawai. Matsi ba shi ne gudana ba: allurar geji za ta hau, amma yawan man da ke ratsa metal ya ragu, kuma man nan shi ne ke kwashe zafi daga metal da ƙasan fistin. Da safe zai daɗe bai kai kamshaf da turbo ba, kuma a 'yan daƙiƙoƙin nan ne inji ke yawan cinyewa. Idan injin yana da VVT, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai, ƙananan hanyoyinta da 'yar rariyarta ba a yi su don mai kauri haka ba. Sai ka ji kwaramniya wajen tayarwa, ko fitilar inji ta kama. Ga ƙarin shan fetur ko dizal a kai.

Tsofaffin injuna masu kafireto, irin 22R ko 4Y, su kam suna ɗaukar 15W-40 ko 20W-50 a ƙasa mai zafi ba tare da wata damuwa ba, kuma jadawalin littafinsu ma ya ba da dama. Injin da littafinsa ya ce 5W-30 ko 5W-20 kuwa, ƙa'idar ita ce ka fara da abin da aka rubuta. Idan gwaji ya nuna buƙata, ka hau mataki ɗaya a lambar baya, daga 30 zuwa 40, ka bar ta gaba yadda take ko kusa da haka. Tsallakewa daga 5W-30 zuwa 20W-50 gyaran gangar Abzinawa ne.

Gwajin da nake nufi ba mai wahala ba ne. Na farko matsin mai. Kada ka dogara da fitilar dasbod, domin ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, wajen bar 0.2 zuwa 0.5, kusan ihu bayan hari. A sa bakanike ya kwance suwic ɗin fitilar, ya ɗaura gejin hannu a gurbinsa, a auna bayan motar ta yi tafiyar aƙalla minti 20, mai ya yi zafi sosai. Awon da aka yi da inji mai sanyi yaudara ne. A duba a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, a kuma duba a juyi 3,000 a minti, a gwada da lambar littafin gyara. Idan babu littafin, tsohon lissafin makanikai shi ne psi 10, kusan bar 0.7, ga kowane juyi 1,000. Idan awon ya cika da man da littafi ya ce, magana ta ƙare, ba ka da hujjar ƙara kauri. Idan yana bakin iyaka, hau mataki ɗaya. Idan ya faɗi ƙasa sosai, kada ka yi saurin cewa metal ne: rariyar famfon mai da ta toshe, ko bawul ɗin rage matsi da ya maƙale a buɗe, duk suna kawo haka, kuma babu man da zai gyara su.

Na biyu, shan baƙin mai. Bayan juye, ka ajiye motar a wuri mai lebur, ka kashe, ka jira minti 5 zuwa 10, ka duba sandar geji ka riƙe inda mai ya tsaya. Ka riƙa dubawa a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya, duk kilomita 500. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin waɗannan motoci lita 1 ne zuwa 1.5, don haka lissafin ba wuya. Wasu littattafan mota suna cewa har lita 1 a kilomita 1,000 bai wuce ƙa'ida ba. A ganina wannan iyaka ce ta kare kai, ba alamar lafiya ba. Tsohon injin da ke shan lita 1 a kilomita 4,000 ko 5,000 ba abin tayar da hankali ba ne, ciko kawai yake so. Wanda ke shanye lita a kilomita 1,000 yana neman bincike.

Hayaƙi zai gaya maka inda man ke bi. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ko wanda ke fita idan ka taka totur bayan doguwar gangara, yawanci sil ɗin bawul ne ya bushe. Wanda ke ƙaruwa idan mota ta ɗau kaya tana hawa, wannan ringi ne ko turbo. Amma kafin a ce maka a sauke inji, a duba bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, da tiyon numfashin inji. Ɗan ƙaramin abu ne da ake mantawa da shi. Idan ya toshe, iskar da ke sulalewa ta gefen ringi ba ta da mafita, sai ta taru ta riƙa tura mai waje ta kowane sil da gasket. Injuna da yawa da ake yi wa kallon sun tsufa suna yoyo, laifin wannan bawul ne kawai.

Na uku, ka buɗe murfin zuba mai ka haska tocila. Ƙarfe mai launin zuma ko ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. Baƙar laka mai kama da kwalta ko ɓawon gawayi, wannan inji ne da aka riƙa ja wa juye. A nan ne za a ba ka shawarar zuba maganin wanke inji, wasu ma su ce a zuba kananzir ko dizal a bar shi ya yi silo. Kada ka yarda. Abin da ya taru cikin shekaru idan ya ɓantare cikin minti 15, ba ya narkewa duka. Gutsattsarinsa suna gangarawa kwanon mai su liƙe a rariyar famfo, mai ya yanke, inji ya buga. Hanyar da ta fi aminci ita ce ta sannu: mai mai kyau da sabuwar filta, a juye bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000, a maimaita sau biyu ko uku. Idan lakar ta yi yawa, a kwance kwanon mai da murfin saman inji a wanke da hannu, a duba rariyar da ido. A injin dizal na zamani ma a duba wasan tagulla, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin kowace nozul. Idan ya fara fitar da iska, gawayi na shiga cikin mai ya toshe rariyar nan, kuma ko wane irin mai ka zuba ba zai hana ba.

Batun cewa sintetik na sa yoyo, asalinsa tsohon labari ne. Wasu mayukan sintetik na farko-farko ba su jitu da robar sil ta wancan zamani ba. Yau duk man da ke ɗauke da darajar API ko ACEA ta zamani sai ya ci gwajin jituwa da roba. Abin da ke faruwa a tsohon inji shi ne, sil ya riga ya tsage, datti ne ya liƙe tsagar, sabon mai ya wanke dattin, yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Man minaral mai kyau ma zai iya yin haka. Amfanin sintetik a fili yake: ya fi jure zafi, ya fi jinkirin ƙonewa ya zama gawayi a cikin turbo, ya fi saurin gudana da safe. Idan motarka na da turbo ko tana jan kaya mai nauyi, shi nake ba ka shawara. Idan kuwa injin yana zubar da lita guda duk mako, zuba masa sintetik asara ce, a gyara yoyon tukuna. Haɗa sintetik da minaral wajen ciko ba ya ɓata komai, in dai darajar ta dace. Tafiya da mai ƙasa da alamar sandar geji ta fi kowane haɗi illa.

Akwai man da ake rubuta wa cewa na motar da ta yi nisan tafiya ne, galibi ana cewa daga mil 75,000, wato kusan kilomita 120,000. Ba talla ce zalla ba, amma ba magani ba ne. An ƙara masa sinadarin da ke tausasa robar da ta bushe ta ɗan kumbura, kuma yawanci ana haɗa shi a ɓangaren da ya fi kauri na lambarsa. Yana taimakon sil ɗin da ke gumi da ɗan shan mai kaɗan, kuma sai bayan juye ɗaya ko biyu ake ganin tasirinsa. Sil da ya yage, ko ringi da ya karye, ba ruwansa da su. Injin da ba ya yoyo ba ya shan mai ba ya buƙatarsa, ko ya ci kilomita nawa. Su kuwa magungunan kwalba masu yauƙi kamar zuma da ake ƙarawa don tsayar da hayaƙi, kauri kawai suke ƙarawa, suna kuma dagula haɗin da masu man suka auna. Idan ka ga man motar da ka saya yana da yauƙi fiye da kima a jikin sandar geji, ka yi zaton an zuba shi don ɓoye wani abu, ka yi gwajin matsi bayan juyen farko.

Sai daraja. A tsarin API, harafin S na injin fetur ne, C na dizal. Na fetur ya taho daga SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, zuwa SP a 2020, kuma sabo yana maye gurbin tsoho: motar da littafinta ya ce SL za ta sha SN ko SP lafiya. Abin gudu shi ne akasin haka, musamman man da aka rubuta wa SA ko SB ko wanda babu wata daraja a jikinsa. Wasu motocin Amurka kuma suna da nasu ƙarin sharaɗi, kamar dexos1 na kamfanin GM, a bi shi.

Dizal ya fi son a tsaya a kansa. Man dizal yana da aikin da na fetur ba shi da shi sosai: ya riƙe kunkunniya ta yi ta yawo a cikinsa ba tare da ta dunƙule ba, ya kuma kashe tsamin da salfar dizal ke haifarwa. Shi ya sa yake baƙi ƙirin bayan 'yar tafiya kaɗan, kuma wannan baƙin ba alamar lalacewa ba ce. Darajojinsa sun haɗa da CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006, da CK-4 na ƙarshen 2016. FA-4 da ya fito tare da CK-4 na wasu sababbin injuna ne kawai, kada ka zuba wa tsohuwar mota. Tambayar da za ta raba maka hanya ita ce: motar tana da DPF, wato matatar kunkunniya da ke jikin salansa, ko babu? Idan babu, 15W-40 ko 10W-40 ko 5W-40 mai darajar CI-4 ko ACEA A3/B4 ya wadatar da yawancinsu. Idan akwai, dole ne mai mai ƙarancin toka, irin ACEA C2 ko C3 ko JASO DL-1, gwargwadon abin da littafi ya ce. Dalili shi ne, kunkunniya tana ƙonewa a cikin DPF ta fita, amma tokar da sinadaran mai ke bari ba ta ƙonewa, taruwa take har matatar ta toshe. Tsohon inji mai ɗan shan mai kuwa ya fi saurin cika ta. Sai dai akwai tarko a ɗaya ɓangaren: mai mai ƙarancin toka ba shi da ƙarfin kashe tsami kamar na gargajiya, don haka inda dizal ke da salfa da yawa yakan gaji da wuri. A irin wannan hali a rage tazarar juye.

Wasu injunan suna da nasu hali. Power Stroke 7.3 da 6.0 na manyan a-kori-kurar Ford suna amfani da baƙin mai wajen harba nozul, don haka mai ya tsufa ko ya yi kumfa, sai ka ji inji na gargada kamar matsalar dizal ce. Ranger da BT-50 masu injin dizal 2.2 da 3.2 kuwa an san su da cewa ba a barin mai ya yi ta tsiyaya sama da minti 10, domin famfonsu na iya rasa zuƙo bayan an zuba sabo. Irin waɗannan ne suka sa na ce a fara da sunan inji.

Filta ba ɗaya ba ce, ko da gwangwanin ya yi kama. Abubuwa uku ne a ciki. Akwai takardar tacewa: ta gama-gari daga ɓawon itace ake yin ta, mai kyau kuma ana haɗa ta da zaren roba ko na gilashi, ta fi kama ƙananan datti kuma ta fi ɗaukar da yawa kafin ta toshe. Idan kamfani ya rubuta ingancinta, ka nemi lamba biyu tare, misali kashi 99 cikin 100 a maikuron 20, bisa gwajin ISO 4548-12. "Kashi 99" ba tare da girman dattin ba, girin-girin ne kawai. Akwai bawul ɗin kewaye, wanda ke buɗewa idan takarda ta toshe ko mai ya yi kauri saboda sanyi, ya bar mai ya wuce ba tacewa, domin mai mai datti ya fi babu. Kowane inji da ƙarfin da aka tsara ya buɗe, da yawa tsakanin psi 8 da 15, wasu sama da 20. Filtar da nata ke buɗewa da wuri kusan ado ce, mai na wucewa ta gefe. Ka lura kuma, mai mai kauri yana sa wannan bawul ya daɗe a buɗe kowace safiya, wani dalilin ke nan na guje wa 20W-50 ba gaira ba dalili.

Na uku shi ne robar da ke hana mai komawa kwano idan an kashe inji. Za ka hango ta ta ƙananan ramukan gindin filta. Baƙa yawanci roba ce ta nitril, wadda ke ƙandarewa da zafi. Ja ko ruwan lemo silikon ce, ta fi daɗewa. Idan ka sa sabuwar filta sai ka fara jin kwaramniya na daƙiƙa biyu ko uku da safe, ko fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba, ka fara zargin wannan robar kafin ka zargi inji. Ta fi muhimmanci a injin da filtarsa ke kwance ko take kife.

Ka sayi filta da lambarta, ba da gwada girma ba. Zaren 3/4-16 da M20x1.5 sun yi kusa ƙwarai, har filta mai zaren M20 takan hau kan na 3/4 ta yi kamar ta ɗauru, sai mai ya yi matsi ta fice a kan hanya. Ta kamfanin motar ko ta sanannen mai ƙera filta ita ce zaɓi, amma jabu sun yi yawa a wannan fanni. Rashin nauyi, rubutu mai dishi-dishi, zare mai kaushi, tsatsa ko ɓurɓushin ƙarfe a gindi, duk alamu ne. Araha ba ta ado a nan. Kuma kowane juye da sabuwar filta, domin tsohuwar tana riƙe da dattin da ta tara da kuma ragowar tsohon mai.

Filtar iska ita ce ake rainawa, alhali a wurin ƙura ta fi filtar mai tasiri a kan tsawon ran ringi da silinda. Ƙura yashi ce, idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar abin wasa wuƙa. Ka cire filtar ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta. Idan ka ga ƙura, tana sulalewa ta wani wuri: robar bakin filta, murfin da ƙugiyarsa ta karye, ko tiyo da ya tsage. Hura ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Kakkaɓewa a hankali ba laifi, amma idan ta cika a sauya. Filtar dizal kuma, a injin dizal na zamani da ake kira kwaman-rel, matsin da ke zuwa nozul yana kaiwa bar 1,600 zuwa sama da 2,000, kuma dattin maikuron kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya ci famfo da nozul. Tunda ba ka san tarihin motar ba, sauya ta yanzu, ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, kada ka jira fitila. Wajen ɗaurawa kada a cika ta da dizal daga jarka, domin wannan dizal ɗin zai wuce ba a tace shi ba. A yi amfani da famfon hannu da ke samanta.

Ranar juye, a ɗumama inji, a kwance noti, a kalli man da ke fita a cikin haske. Ƙyalli kamar garin zinare ko azurfa metal ne ke cinyewa. A sa sabon wasa a jikin notin, a ɗaure da awo, yawanci tsakanin Nm 25 da 40, domin zaren kwanon tsohuwar mota ya riga ya sha wuya. A tabbatar tsohuwar robar filta ta fito tare da ita. Idan ta maƙale aka ɗora sabuwa a kai, mai zai tsiyaye cikin 'yan mintuna. A shafa wa sabuwar robar mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Yawancin waɗannan injuna suna cin lita 5 zuwa 8, amma a zuba ƙasa da adadin kaɗan, a tayar, a ga fitila ta mutu cikin daƙiƙoƙi, a kashe, a jira, sannan a cika. Kada a wuce alamar sama: karanshaf zai riƙa bugun man ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta ɗaukar nauyi.

Tazarar juye, ka bi jadawalin aiki mai tsanani da ke littafin, domin ɗaukar kaya, ƙura, gajerun tafiye-tafiye da yawan silo duk a nan suka faɗa. Ga yawancinsu kilomita 5,000 ne ko wata 6, duk wanda ya riga. Da sintetik mai kyau a injin fetur mai tsabta da ke doguwar tafiya, 7,500 zuwa 10,000 ba matsala. Tsohon inji ya fi sabo saurin ɓata mai, saboda hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi ya fi yawa. Motar da ke yini a kunne a tsaye kuma mita ba ta ƙirga mata, ka ɗauki kowace awa ɗaya ta silo kamar kilomita 40.

Abu biyu za ka sa wa ido a jikin sandar geji tsakanin juye da juye. Idan mai ya koma kamar madara, ruwan lagireto ne ke shiga, ta gasket ɗin kan silinda ko ta na'urar sanyaya mai, kuma a tsayar da motar, domin ruwan nan yana cin metal da sauri. Ɗan fari-fari a ƙarƙashin murfi kaɗai yakan zama raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye. Idan kuma mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana warin dizal ko fetur, to nozul na ɗiga, ko DPF na yawan ƙoƙarin ƙone kunkunniya ba ta gamawa. A injin dizal wannan haɗari ne na gaske: idan man ya yi yawa ya tsinke, inji na iya zuƙarsa ta hanyar iska ya riƙa ƙona shi, ya yi ta gudu ko an zare makulli. Da ka ga ya haura alamar sama, a juye shi nan take, a gwada nozul ɗaya bayan ɗaya kafin motar ta koma aiki.